Masu Sana'ar Hannu a Kasuwar Baje Koli: Shawarwari da Hanyoyin Taimakon Juna

1.0 Gabatarwa

Sana'o'in hannu suna daga cikin abubuwan da suka fito da sunan ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a shekarar 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake kuma rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Gat da Tarabulus, haka nan takalman da dukawan birnin suke ɗinkawa. Jemammiyar fatar jan akuyar Sakkwato kuwa ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, domin ta can take bi kafin ta isa gare su.

A wancan zamani marini ko baduku ba ya bukatar barin garinsu don kayansa su yi nisa, fatake ne suke ɗaukar masa wannan wahala. Yau al'amarin ya sake. Kayan masana'antu masu araha sun cika kasuwannin gida, rijiyoyin rini da yawa a Ƙofar Mata sun daina aiki, 'ya'yan masu sana'a kuma suna gudun gadon gidajensu saboda ba su ga yana ciyar da iyali ba. Ɗaya daga cikin ƙofofin da suka rage ga mai aikin hannu ita ce kasuwar baje kolin kayan fasaha, inda yakan gamu da masu sayen da suka san darajar aikin hannu. To, amma wannan ƙofa tana da nata haɗari, don mutum yana iya shiga da uwar kuɗinsa ya fito da bashi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda irin wannan kasuwa take, ta waiwayi hanyoyin da Hausawa suka gada na tallafa wa mai sana'a a wurin ciniki, sa'an nan ta kawo shawarwarin da za su amfani wanda yake shirin kai kayansa.

2.0 Ma'anar Baje Koli

Asalin kalmar daga 'yan koli take, watau masu sayar da ƙananan kaya irin su allura da madubi da kwalli da dutsen wuya, waɗanda sukan shimfiɗa kayansu a fili don mai wucewa ya gani. Daga nan aka ari kalmar aka ba taron da ake shiryawa na 'yan kwanaki domin masu kaya su nuna hajarsu su kuma sayar.

Akwai abubuwa huɗu da suka bambanta baje koli da kasuwar yau da kullum irin ta Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499). Na farko, kwanakinsa ƙidayayyu ne, wanda bai sayar ba a cikinsu sai ya naɗe kayansa. Na biyu, ana biyan kuɗin rumfa tun kafin a sayar da ko abu ɗaya. Na uku, yawancin masu saye baƙi ne, ba su san mai kaya ba, shi ma bai san su ba, saboda haka babu tsohuwar amanar da za ta yi masa magana. Na huɗu, a manyan tarurruka ba kowa ake karɓa ba, sai an aika da hotunan aiki, wani kwamiti ya duba ya zaɓa. Duk shawarwarin da za su biyo baya daga waɗannan bambance-bambance suka taso.

3.0 Wasu Kasuwannin da Suka Shahara

A shekarar 1976 an yi wani nuni na fasahar Hausawa a Cibiyar Kwamanwel da ke Landan, wanda David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya tsara. Shekara guda bayan haka aka yi bikin FESTAC a Legas, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, tare da babban hawan daba a Kaduna. Waɗannan tarurruka na nuni ne fiye da ciniki, amma sun sa mutanen waje sun ƙara sanin aikin masu ɗinki da dukawa da maƙera.

Ta fuskar ciniki kuwa, akwai kasuwar baje koli ta duniya da Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Kaduna take shiryawa, wadda aka fara a 1979, ko da yake ita ta haɗa kayan masana'antu da na noma da na hannu. A Wagadugu ta Burkina Faso akwai SIAO, wadda aka fara a 1988, ita kuwa ta kayan aikin hannu ce zalla, bisa al'ada ana yin ta bayan kowace shekara biyu. A Yamai akwai SAFEM, wadda aka kafa domin mata masu sana'ar hannu. A Amurka akwai kasuwar fasahar gargajiya ta duniya da ake ci a Santa Fe cikin watan Yuli, wadda aka fara a 2004. Akwai kuma ART X Lagos da aka fara a 2016, amma ita ta masu zane da sassaƙa na zamani ce, kuma ta hannun gidajen sayar da zane ake shiga. Wajibi ne mai sana'a ya san irin kasuwar da ta dace da aikinsa, don mai tumtum da alabe ba ya neman rumfa inda ake cinikin zanen bango.

4.0 Taimakon da Aka Gada

4.1 Sarakunan sana'a

A ƙasar Hausa manyan sana'o'i suna da shugabanninsu, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Dukawa da Sarkin Fawa. Philip Jaggar, wanda ya yi nazarin maƙeran birnin Kano, ya nuna yadda Sarkin Maƙera yake tsakanin 'yan sana'a da fada, yana tara su idan akwai aikin Sarki, a da kuma ta hannunsa harajin sana'ar yake bi. Irin wannan shugaba shi ne yake sasanta rigima, shi ne kuma ya san wanda hannunsa ya faɗa da wanda yake koyo. Amfanin wannan tsari shi ne 'yan sana'a suna da baki ɗaya da zai yi magana da hukuma.

4.2 Fatoma da dillali

Baƙon da ya kawo kaya wani gari yakan sauka wurin fatoma, watau maigidan da yake saukar da fatake. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda maigida yake ba baƙo masauki, ya adana masa kuɗi, ya sa dillalansa su nemo mai saye, kuma idan an sayar bashi shi ne yake tsayawa a kan a biya. Ladansa yana fitowa ne daga la'ada. Abin lura a nan shi ne jarin maigida sunansa ne, ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya labari zai bazu, sauran su ƙaurace masa.

Dillali shi ma yana da nasa amfani, don ya san farashin gari, ya san mai biya da mai taurin bashi. Illarsa ita ce yakan tsaya tsakanin mai yi da mai saye har ya zamana ba su san juna ba. Christopher Steiner, wanda ya yi nazarin masu cinikin kayan fasaha a Abijan, cikinsu har da Hausawa, ya nuna a littafinsa na 1994 cewa babban abin da ɗan tsakiya yake riƙewa shi ne sani, watau ya san inda kaya suke fitowa da inda suke zuwa, yana kuma ɓoye wa kowane ɓangare abin da ɗayan ya sani. Babbar fa'idar baje koli ga mai sana'a ita ce ya ji da kunnensa nawa ake taya aikinsa. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike.

4.3 Adashe

Adashe shi ne bankin talaka. Mutane sukan zuba wani adadi a hannun uwar adashe kowane mako ko wata, kowa ya kwasa idan layinsa ya zo. Ga mai shirin baje koli wannan hanya ce ta samun kuɗin rumfa da na sarin kayan aiki ba tare da bashin ruwa ba, in dai an shirya kwasarsa ta faɗo kafin lokacin biyan kuɗin rumfa.

5.0 Shawarwari ga Mai Kai Kaya

5.1 Lissafi kafin tafiya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ƙidaya abin da ya shigo aljihunsa ya kira shi riba. Kafin ya biya kuɗin rumfa ya kamata ya rubuta duk abin da tafiyar za ta ci. A ɗauki misalin baduku mai jakunkuna, a ƙaddara kuɗin rumfa naira 60,000 ne, kuɗin mota da dakon kaya 30,000, masauki 30,000, abinci 30,000. Jimla ta kama 150,000. Idan kowace jaka tana bar masa 5,000 bayan an cire kuɗin fata da zare da ladan aiki, to sai ya sayar da jaka 30 kafin ya mayar da kuɗin tafiya, ribarsa daga ta 31 take farawa. Idan kuwa su uku suka haɗu a rumfa ɗaya da ɗaki ɗaya, rumfa ta koma 20,000 a kansa, masauki 10,000, jimlarsa ta zama 90,000, watau jaka 18 sun fitar da shi. Wanda ya yi wannan lissafi ya ga bai taɓa sayar da jaka 30 a mako guda ba, ya san cewa ko dai ya nemi abokan haɗaka, ko ya haƙura sai baɗi.

A cikin lissafin nan dole ne ya sa ladan hannunsa. Mai ɗinkin babbar riga da ya shafe makonni a kan aska takwas, idan ya ƙidaya kuɗin yadi da zare kaɗai, ya yi wa mai saye aiki kyauta ke nan. Kada kuma ya manta da kwanakin da ya bar wurin aikinsa a rufe.

5.2 Zaɓen kaya da shimfiɗa su

Ya kamata kayan su kasu mataki uku. Akwai ƙanana masu sauƙin kuɗi, kamar alabe da zobe da ƙaramin faifai, waɗanda suke biyan kuɗin abinci na kullum. Akwai matsakaita, su ne ƙashin bayan ciniki. Sa'an nan akwai guda ɗaya ko biyu da mai sana'a ya zuba duk gwanintarsa a kansu, waɗanda ko ba a saya ba su ne suke tsayar da mai wucewa. Cika rumfa maƙil da kaya iri ɗaya yana sa mai saye ya ɗauka na inji ne, gara a fitar da kaɗan a ajiye saura a ƙarƙashin tebur.

A kuma tuna cewa baƙo da jirgi ko mota zai koma. Tumtum da ba a cusa ba ya fi saurin tafiya, don yana naɗewa ya shiga akwati. Fatar da ba ta jemu sosai ba takan yi wari idan ta shiga ƙasa mai laima, jan karan dafi da bai kama ba kuma yakan zuba a tufafi. Haka nan turkuɗi, wanda mutanen Sahara suke son shuninsa ya hau jiki, yana iya zama abin ƙorafi wurin wanda bai san haka yake ba. Saboda haka a gaya wa mai saye gaskiyar halin kayan da yadda ake wanke su.

5.3 Farashi da ciniki

A kasuwar Hausa mai saye yakan taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a kai ga sallamawa. Wannan hanya tana da daɗi ga wanda ya saba, amma baƙi da yawa ba su iya ta ba, wasu ma kunya takan hana su tambayar kuɗin abu, sai su wuce. Don haka rubuta farashi a jikin kowane abu yana da amfani. A wasu kasuwannin waje ma ba a ciniki sam, abin da aka rubuta shi ake biya. Inda ake ciniki kuwa, mai kaya ya yanke wa kansa ƙasan da ba zai sauka ba tun yana gida, lokacin da hankalinsa yake kwance.

Ranar ƙarshe ita ce ranar jarrabawa. Masu sari sun san cewa mai kaya ba ya son komawa da nauyi, sai su jira har an fara naɗe rumfuna su zo su taya da rabin kuɗi. Wanda ya karyar da kayansa a wannan rana ya cuci kansa, ya cuci maƙwabcinsa mai irin kayan, ya kuma koya wa masu saye su riƙa jira. Maganin wannan shi ne 'yan sana'a ɗaya su yi magana tun farko a kan iyakar ragi, a kuma nemi amintaccen mai shago a garin da za a bar masa ragowar kaya da rubutacciyar yarjejeniya.

5.4 Yin aiki a gaban mai saye

Tarihin Ladi Kwali ya isa misali a nan. Ita Bagwariya ce daga garin Kwali, ta koyi ginin tukwane a gida. Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a garin da yanzu ake kira Suleja, kuma a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya kafa a can, ita ce mace ta farko. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, daga baya ta zaga Ingila da Amurka tana gina tukunya a gaban jama'a, da hannu, ba da inji ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Masu kallo sun ga yadda tukunya take tashi daga curin yumɓu, daga nan ba su bukaci a yi musu dogon bayani a kan darajarta ba. Gani ya kori ji.

Mai ɗinkin hula yana iya zama da allurarsa a bakin rumfa, mai zanen ƙwarya da wuƙarsa, maƙerin fari da 'yan ƙananan kayan aikinsa. Wanda aikinsa ba ya ɗaukuwa, kamar marini, sai ya zo da hotunan rijiya da mabuga, da ɗan baba a ƙwarya don a gani. Yana da kyau kuma ya iya faɗin sunan kowane zane, kamar dagi ko aska biyu, da garin da aka yi shi. Idan harshe ya gagara, a nemi tafinta tun kafin ranar buɗewa.

5.5 Gaskiya da doka

Steiner ya ambaci yadda wasu 'yan kasuwa suke shafa wa sabon sassaƙa hayaƙi da ƙasa don ya yi kama da tsoho. Wannan ha'inci ne, kuma yana jawo wa mai shi wata wahalar, domin dokar Nijeriya ta 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Wanda zai ƙetare iyaka da sabon aiki mai kama da na da, ya nemi takardar shaida daga hukumar don kada a riƙe masa kaya. Haka kuma yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa ƙa'ida a kan cinikin fatun namun daji irin su mesa da kada da guza tsakanin ƙasashe, an kuma hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun daga shawarar 1989. Badukun da ya yi wa jakarsa ado da fatar mesa yana iya rasa ta a filin jirgi.

5.6 Karɓar kuɗi da riƙe abokin ciniki

Ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya koya wa 'yan kasuwa cewa wanda ba ya karɓar kuɗi ta banki yana iya wuni bai sayar ba. Sai dai kada a saki kaya don an nuna saƙo a wayar mai saye, a tabbatar kuɗin sun shiga asusu tukuna. A riƙe littafi a rubuta abin da aka sayar kowace rana, da abin da aka tambaya ba a samu ba, don shi ne zai nuna abin da za a zo da shi baɗi. A ba duk mai saye kati mai suna da lambar waya. Sau da yawa odar da take biyo bayan kasuwa ta fi cinikin da aka yi a cikinta, amma a karɓi kafin alƙalami, kada kuma a yi alkawarin adadin da hannu ba zai iya gamawa a kan lokaci ba.

6.0 Taimakon Juna a Wannan Zamani

Paul Stoller, a littafinsa na 2002, ya bayyana rayuwar 'yan kasuwar Afirka ta Yamma a birnin New York, da yawansu Hausawa da Zabarmawa daga Nijar. Ya nuna yadda suke haɗuwa a mota ɗaya su bi bukukuwan baƙaƙen fatar Amurka daga gari zuwa gari, suna ba juna kaya bashi, tsohon zama yana saukar da sabon zuwa. Wannan tsarin fatoma ne ya ƙetare teku. A gida kuwa akwai misalin ƙungiyar mata masu ɗinkin hannu ta birnin Zariya mai suna Queen Amina Embroidery, wadda aikinta ya kai kasuwar Santa Fe. Matan da suke aiki a cikin gidajensu, waɗanda a da sai ta hannun yara ko dillaliya kayansu suke fita, sun sami wakilci ta hanyar haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma haɗaka tana da abin da yake kashe ta, kuma yawanci kuɗi ne. Idan mutum ɗaya ya tafi da kayan mutum goma, tilas a rubuta kayan kowa da farashinsa a gaban shaidu kafin tafiya, a kuma yanke yadda za a raba kuɗin rumfa da abin da za a yi idan wani abu ya ɓata ko ya lalace. Wakilci ya riƙa zagayawa, don kada mutum ɗaya ya tare hanya ya zama sabon dillali. Idan hukuma ta ba da rumfuna kyauta, shugabannin sana'a su tsaya a kan cewa masu yin aikin ne suka samu, domin masu sari sun fi su sanin hanyar ofis. Wanda ya je ya dawo kuma yana da hakkin ya zauna da 'yan uwansa ya faɗa musu abin da ya tafi da abin da ya kwanta, da farashin da aka biya.

7.0 Kammalawa

An ga cewa baje koli kasuwa ce mai gajeren lokaci, mai tsadar shiga, wadda masu sayenta baƙi ne, saboda haka tana bukatar lissafi da shiri fiye da kasuwar gida. An kuma ga cewa abubuwan da mai sana'a yake bukata a cikinta, watau jari da masauki da mai tsaya masa da labarin farashi, su ne dai waɗanda adashe da fatoma da sarakunan sana'a suka daɗe suna samarwa. Abin da ya ƙaru shi ne rubuta yarjejeniya da sanin dokokin ƙetare iyaka. Idan baduku ko marini ya dawo daga kasuwa da ribar da ɗansa zai gani da idonsa, akwai fatan ɗan zai zauna ya koyi sana'ar.